ZAMA DA SANKARAR JINI: HAƘURI, JINYA DA ZUMUNCI A ƘASAR DAURA



1. Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikinku su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi lacca a kan ciwo, alhali kuwa ga likitoci. Dalilin shi ne, mai doguwar cuta yakan zauna gaban likita na 'yan mintoci ne kurum a cikin wata. Sauran kwanakin duka a gida yake yin su, cikin iyali da maƙwabta, yana sauraron kalmomin da suke gaya masa, ana kuma yi masa jinya bisa al'adun da aka gada. Ba da magani aikin likita ne. Amma zaman yau da gobe tare da ciwo fage ne wanda mai nazarin harshe da al'ada yake da ta cewa a cikinsa.

Abin da nake so in nuna abu ɗaya ne. Al'adunmu na jinya an gina su ne domin ciwo mai gajeren zango, kamar zazzaɓi ko karaya ko jego, wanda a cikin 'yan makonni za a san inda aka dosa. Sankarar jini kuwa doguwar tafiya ce, ta watanni ko ta shekaru. Kayan aikin muna da su, watau haƙuri da dubiya da gudummawa da gayya, sai dai suna bukatar a sake musu zama domin su ɗauki dogon zango.

Zan riƙa kafa misalaina da Sandamu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, sauran su ne Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure. Na zaɓe ta ne domin ƙasar manoma ce da ke kan hanyar Daura zuwa Kano. Mutuminta yana iya kai wa ga manyan asibitoci, amma kowace tafiya sai ta ci masa yini da kuɗi da ƙarfi. Galibin mutanenmu a irin wannan matsayi suke.

2. Mece ce sankarar jini?

A cikin ƙasusuwan mutum, musamman na ƙugu da na ƙirji da na gadon baya, akwai ɓargo, kuma a nan ne ake ƙera jini dare da rana. Ƙwayoyi iri uku ɓargo yake fitarwa. Akwai jajaye, waɗanda suke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta ko'ina a jiki, kowace tana rayuwa kimanin kwana 120. Akwai farare, waɗanda su ne dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Sa'an nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu toshe rauni su sa jini ya daskare, su kuwa kwana 7 zuwa 10 kaɗai suke yi.

Sankarar jini tana farawa ne sa'ad da ƙwaya guda ta sami tangarɗa a tsarin halittarta, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yan da take haifa kuma ba su da amfani. Duk manomin da ya taɓa ganin yadda ƙuduji yake mamaye gonar gero ya fahimci abin da ke faruwa a cikin ɓargo. Daga nan alamomin suke fitowa. In jajaye suka yi ƙaranci, sai kasala da haki da ɗashewar ido. In farare suka lalace, sai zazzaɓin da ba ya jin magani. In masu toshe rauni suka ragu, sai haɓo da zubar jini daga dasashi da tabo a fata ba tare da an bugu ba. Wani kuma saifarsa ce za ta kumbura.

Likitoci sun kasa ciwon gida uku. Lukimiya ita ce ta ɓargo da jini, limfoma ta kaluluwa, mayaloma kuwa tana cin ƙashi, ta fi kuma kama manya. A cikin lukimiya da limfoma akwai mai gaggawa, wadda in ba a tare ta ba takan yi kisa cikin makonni ko watanni, akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda mutum yake iya zama da ita shekaru. Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi wa likita ita ce: wace iri ce?

Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa wa lukimiya suna a 1847, ma'anar sunan kuwa farin jini, amma ba irin wanda Bahaushe yake roƙo ba. Aka yi shekara ɗari ba magani, sai a 1948 Sidney Farber ya ba da rahoto daga birnin Boston na Amurka cewa wani magani ya kwantar da ciwon ga wasu yara na ɗan lokaci. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata limfoma mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Farfesa Victor Ngu ya yi aiki a kan maganinta a Ibadan, har ya kasance cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. A nan Arewa kuma, Farfesa Alan Fleming ya yi nazarin ire-iren lukimiya a Zariya. Daga 2001 aka sami wata ƙwaya mai suna imatinib, wadda ta mai da ɗaya daga cikin lukimiya masu tafiyar hawainiya ta zama kamar hawan jini, watau ciwon da ake shan maganinsa kullum ana ci gaba da harkokin duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. Ciwon ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da yanke magani a tsakiyar hanya, kuma biyu daga cikin waɗannan a gida ake yanke shawararsu.

3. Nauyin suna

Nauyin farko da mai ciwo yake ɗauka shi ne na sunan ciwon. Bahaushe yana cewa ciwon daji, ko sankara, ko kansa. Ɗalibai su lura, sankara dabam, sanƙarau dabam, shi wannan na biyu ciwon da ke sandarar da wuya ne a lokacin zafi. Kalmar daji kuwa a tunanin Bahaushe kishiyar gari ce, wurin namun dawa da iskoki, inda ikon sarki bai kai ba. Da zarar an kira ciwo da wannan suna, an riga an raya wa mai shi cewa abin ya fi ƙarfin asibiti. Daga nan ne aka sami maganar nan da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura, maganar da ta tsare mutane da yawa a gida har lokaci ya ƙure. Wata marubuciya Ba'amurkiya, Susan Sontag, ta yi littafi a 1978 a kan yadda kamance-kamancen da jama'a suke yi wa sankara suke ƙara wa masu ita wahala. Abin da ta gani a harshensu yana nan a namu.

Da yake wannan ciwo na jini ne, zato yakan ƙara muni. An ƙara wa mutum jini yau, bayan mako uku an ce ya sake ƙarewa. Sai a fara raɗe-raɗin maita ko sammu ko jifa, a ɗora wa wata tsohuwa a unguwa, ko kishiya, ko abokin aikin da ake takarar muƙami da shi. Ga ciwo a jiki, ga gaba a gida. Amsar kuwa tana cikin bayanin da ya gabata: jinin da aka ƙara aro ne, yana da kwanakinsa, ɓargon da zai maye gurbinsa kuma ba shi da lafiya. Ya kamata duk wanda ya yi karatu ya iya faɗa wa danginsa abu uku da Hausa mai sauƙi. Ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin abinci tare, ko musafaha, ko kwanciyar aure. Ba sikila ba ne, mafi yawansa kuma ba gadonsa ake yi ba. Ba kuma aikin hannun wani ba ne.

Akwai kuma al'adar ɓoye wa majiyyaci sunan ciwonsa saboda tausayi. Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, ya nuna a wata maƙala ta 1981 cewa sau da yawa mutane ba su matsa wa kansu sai sun san ainihin ciwo ko yadda magani yake aiki ba. A gajeren ciwo wannan ba ya ɓata kome. Amma mutumin da za a ce ya sha magani shekara biyu, ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano, ba zai jure ba in bai san dalili ba. Kuma labarin zuciya a tambayi fuska: yana ganin ana yin shiru in ya shigo ɗaki, sai ya ƙaddara abin da ya fi gaskiyar muni, ya kuma rasa wanda zai tattauna da shi. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi iyakar abin da yake son sani, a gaya masa sannu a hankali, a gaban wanda ya amince da shi.

4. Nauyin jiki

Abin da masu wannan ciwo suka fi kuka da shi kullum shi ne gajiya, irin wadda barci ba ya kore ta. Dabarar ita ce mutum ya ɗauki ƙarfinsa kamar kuɗin cefane, ya san ba su da yawa, ya fara da abin da ya fi muhimmanci. Aikin da ya zama dole a yi shi da safe, a huta da rana. Kwanciya yini guda cur tana ƙara kasala, ɗan tattaki kuwa, ko da daga gida zuwa bakin titi ne, yana rage ta. Magidancin da ba ya iya huɗa yana iya zama a gindin bishiya ya duba masu yi. Wannan zama yana da amfani, domin yana tuna masa cewa har yanzu shi ne mai gonar.

Abu na biyu shi ne zazzaɓi. Ga mai shan magungunan sankara masu ƙarfi, waɗanda ake kira kemoterafi, dakarun jiki sukan ragu ƙwarai bayan kowane zagaye. A wannan hali, zafin jiki da ya kai digiri 38 lamari ne na gaggawa, a tafi asibiti a daren, kada a ce sai gari ya waye. Don haka ma'aunin zafin jiki ya fi kowane kayan dubiya amfani a ɗakin. A kwana cikin gidan sauro. A tafasa ruwan sha. A guji nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen ganye, da abincin da ya kwana a buɗe. A nisanta majiyyaci, musamman yaro, daga mai ƙyanda ko ƙarambau ko tari.

Abu na uku ya shafi wanzami da mai kemis. Ƙaho da tsaga da sakiya da cire beli duk suna fitar da jini, mutumin da masu toshe rauninsa suka yi ƙaranci kuwa jininsa ba ya tsayawa da wuri. Haka nan asfirin da 'yan'uwansa na ciwon jiki, irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙara haɗarin zubar jini, kada a sha sai da izinin likita. Ko asawaki ma a nemi mai laushi.

Game da maganin gargajiya, ba daidai ba ne a yi wa iyayenmu dariya. Vincristine, ɗaya daga cikin manyan magungunan lukimiyar yara, daga wani fure na tsibirin Madagaska aka samo shi. Bambancin shi ne an gwada shi, an san adadin da ke magani da adadin da ke kisa. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana iya taɓa hanta ko ƙoda, waɗanda dama suna fama da aikin tace magungunan asibiti. Ƙa'ida biyu ce: a gaya wa likita duk abin da ake sha, kuma kada a ajiye na asibiti saboda wani ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana bakwai.

Daga ƙarshe, iyali su san cewa wasu sauye-sauyen hali daga magani suke. Prednisolone, alal misali, yana hana barci, yana sa yawan ci da saurin fushi. Matar da ta san haka ba za ta ɗauki faɗan mijinta a zuci ba. Gashin da ya zube kuma yana dawowa bayan an gama magani.

5. Nauyin hanya da aljihu

Mu ƙaddara wani malamin firamare a Fago ko Rijiyar Tsamiya. Gwajin farko zai yi shi a Daura. Amma tabbatar da irin ciwon yana bukatar a ɗebi ɓargo a duba, wannan kuwa sai inda likitocin jini suke: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kimanin kilomita 80 daga Daura, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta hanyar Kazaure, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Kowace tafiya kuɗin motar mutum biyu ce, da abinci, da wurin kwana. Lokacin da aka fara raba imatinib kyauta a Nijeriya a 2003, ƙarƙashin wani shirin taimako na kamfanin da ke yin ta, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ake karɓa, mutanen Arewa kuwa sun yi shekaru suna wannan doguwar tafiya. Ko maganin kyauta ma yana da kuɗin hanya.

Mun san yadda dukiyar gida take tafiya: kaji, sa'an nan awaki, sai san noma a kai shi kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, sai hatsin rumbu, daga ƙarshe gona. Babbar asara ita ce a sayar da kome a watanni uku na farko, sa'an nan a yanke magani, ba lafiya ba dukiya. Saboda haka tun ranar farko a roƙi likita ya zana dukan tafiyar: zagaye nawa ne, wata nawa, kimanin nawa kowanne zai ci, me ake fata a ƙarshe, warkewa ko sassauci. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuɗi ba za su kai ba, a faɗa, domin likita ya san tsarin da zai ɗora mutum a kai. A nemi kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke cikin asibitocin koyarwa.

Ma'aikata su binciki abin da inshorar lafiyarsu ta ƙunsa, ta tarayya wadda aka sabunta dokarta a 2022, ko ta jiha. Ya kamata kuma waɗanda ke kusa da masu tsara manufofi su san cewa asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Mai sankarar jini bai shiga wannan rukunin farko ba. Ma'aikaci ko ɗalibin da ciwon ya kama ya kai takardar likita ga shugabansa tun da wuri, domin a rubuta rashin zuwansa a matsayin jinya. Shugaba kuma ya riƙe sirrin, ya sauƙaƙa aikin. Mutumin da aka bar masa teburinsa ya fi wanda aka sallama ƙarfin zuciya.

Sai maganar jini. Baligi yana da kimanin lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata 3. Zaurenmu na yau cike yake da matasa. In mutum 10 daga ajinku ko ofishinku suka san rukunin jininsu, suka rubuta sunayensu a takarda guda, sun ɗauke wa wani gida tashin hankalin neman jini da tsakar dare.

6. Daga dubiya zuwa gayya

Dubiya kyakkyawar al'ada ce, addini ma ya kwaɗaitar da ita. Amma ku lura da yadda take gudana. A makon farko gida ya cika maƙil, majiyyaci ya amsa sannu sau ɗari, a daidai lokacin da cinkoso yake da haɗari gare shi. A wata na huɗu kuwa, sa'ad da kuɗi suka ƙare, zuciya ta yi rauni, sai ka iske zauren wayam. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Dubiya ba ta saba da ciwon da ke wuce wata guda ba.

Manomin ƙasar Daura ya san wata hanyar. In aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, gayya ake kira, a raba kuyya, kowa ya san tasa. Haka ya kamata a yi wa doguwar jinya. Dangi su zauna sau ɗaya su raba aiki. Wane shi ne mai rakiya asibiti, ya riƙe littafi guda da ake rubuta sunayen magunguna da sakamakon gwaji da ranar komawa da tambayoyin da za a yi wa likita. Wane shi ne ma'aji, gudummawa ta riƙa shiga hannunsa wata-wata kamar zubin adashi, maimakon a tara ta gaba ɗaya ran farko. Wance za ta ɗauki yara. Samarin gida su noma gonar. Masu dubiya su riƙa zuwa bibbiyu, su wanke hannu, su taƙaita zama, mai mura ya aiko da gaisuwa ta waya.

Harshen dubiya ma yana son gyara. Kada a ce wa mutum, "Kai, ka rame!" Yana da madubi. Kada a ba shi labarin wanda irin wannan ciwo ya kashe. Kada kowane baƙo ya zo da sunan sabon mai magani. "Me kake bukata ran Talata?" ta fi "In akwai wani abu ka faɗa" amfani, domin kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. A kuma riƙa kawo masa hirar duniya, ta farashin gero da siyasa da ƙwallo, a nemi shawararsa kamar da.

Kada a manta da mai jinya, wadda galibi mace ce, mata ko uwa ko 'ya. Ita ce ba ta barci, ita ce kuma ba mai tambayar lafiyarta. A ba ta yini guda a mako ta je gidansu ko ta huta. In ta faɗi, mutum biyu ne suka kwanta.

7. Haƙuri iri biyu

A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Gaskiya ne, haƙuri maganin zaman duniya. Sai dai kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai haƙurin da ke nufin yi shiru, kada ka dame mu. Akwai kuma wanda ke nufin daure, ci gaba da abin da ya wajaba. Na farko yana sa mutum ya ɓoye zazzaɓi har ya yi tsanani. Na biyu shi ne yake tashe shi da asuba ya hau motar Kano a zagaye na shida, alhali ya san amai na jiransa. Wannan na biyu shi ne abin yabo, kuma bai hana kuka ba. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Ubangijinsa.

Addini ya yi wa mara lafiya rangwame: salla a zaune ko a kwance, taimama in ruwa zai cutar, ajiye azumi in likita ya ga haɗari. Mutane da yawa suna ƙin karɓar wannan sauƙi, suna ganin kamar gazawa ce, har wani ya bar shan ƙwayarsa saboda azumi. A nan malamin unguwa yana da babban aiki, domin kalma ɗaya daga bakinsa ta fi goma daga bakin likita. Tawakkali kuma ba ya kore neman magani.

Fargaba kafin kowane gwaji abu ne da kusan kowane majiyyaci yake ji. Abin da ke taimakawa shi ne a taƙaita tunani ga zango na gaba kaɗai, a riƙe lokutan barci da na abinci, a sami mutum guda da za a iya gaya wa kome, a kuma san wani mai irin ciwon wanda ya riga ya yi nisa a tafiyar. Amma in baƙin ciki ya wuce mako biyu ba sassauci, mutum ya daina jin daɗin kome, ko ya fara fatan mutuwa, to wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, a gaya wa likita. Ba raunin imani ba ne. Haka kuma zafin ciwo. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗi ya haɗa na jiki da na zuci da na iyali da na ruhi, kuma kowanne ana iya rage shi. Ko inda warkewa ta faskara, sauƙaƙa raɗaɗi haƙƙin majiyyaci ne. Rubuta wasiyya da warware basussuka kuwa ba kiran mutuwa ba ne, nauyi ne ake saukewa, an kuma umarci mai lafiya ma da yin haka.

Ɗalibai sun san sunan Frantz Fanon. Lukimiya ce ta kashe shi a 1961 yana da shekara 36, littafinsa na ƙarshe kuma yana cikin ciwon ya rubuta shi. Edward Said ya zauna da wata irin lukimiyar daga 1991 har zuwa rasuwarsa a 2003, yana koyarwa yana wallafa littattafai. Shahararren ɗan ƙwallon kwando Kareem Abdul-Jabbar ya bayyana tasa a 2009, ya ci gaba da rubuce-rubucensa yana shan magani. Waɗannan shekaru uku suna nuna yadda ilmi ya ci gaba, suna kuma nuna cewa kwanakin ciwo ma kwanakin rayuwa ne, ana aiki a cikinsu.

8. Kammalawa

Jama'a, galibinku ku ne 'yan bokon gidajenku. Ran da aka dawo daga asibiti da takardar da ba wanda ya iya karantawa, ku za a kira. Abin da ake bukata gare ku a ranar shi ne ku tambayi irin ciwon da tsawon maganinsa, ku fassara wa iyali da Hausar da ba ta firgitarwa, ku kashe zancen maita tun bai yi reshe ba, ku tara dangi a raba aiki, ku kuma miƙa hannu a ɗebi jini. Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. A wannan ciwo, ƙafar da ta zo a wata na shida ita ce majiyyaci ba zai manta da ita ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.